Haƙoran Hajiya Mai Zoɓo: Nazarin Zaizayar Ɓawon Haƙori a Tawa

Da sanyin safiya cikin watan Janairu ta shigo ɗakinmu na duba haƙora, ta naɗe bakinta da gefen mayafi. Na ɗauka ƙura take gudu, don wanda ya san Tawa da hunturu ya san yadda hazo ke rufe gari har rana ta koma kamar faifai. Ashe iska take gudu. Ta ce tun daga gida ba ta yarda ta amsa gaisuwar kowa da baki buɗe ba, saboda da zarar sanyi ya taɓa haƙoranta na gaba sai ta ji kamar an soka mata allura har cikin kai.

"Likita, haƙorana ne suka mutu, sun ƙi tashi."

Kowa ya san wannan mutuwar. Ka tsotsi tsamiya ko ka ci ɗanyen mangwaro, haƙora su mutu, ka kasa tauna ko da tuwo mai laushi, kafin gari ya waye sun dawo. Nata sun yi wata huɗu ba su dawo ba.

Na sakaya sunanta da na unguwarta, kuma da yardarta nake wannan rubutu. Zan kira ta Hajiya, kamar yadda masu sayen kayanta ke kiranta. Shekararta 38, ƴaƴanta biyar. Maigidanta yana ci-rani a Abijan kamar mazan Adar da yawa, sai shekara ta zagayo yake leƙo gida. Ita ke riƙe da cefanen yau da kullum da sana'arta: shekara tara tana haɗa zoɓo da ruwan tsamiya da lemu-hari, ta ƙulla a leda ko ta ɗura a gora, ta sanya a firiza, yara su kai tasha da bakin kasuwa da ƙofar lakwal.

Kukanta uku ne. Sanyi da zaƙi suna tsira mata a haƙora. Haƙoran sun yi rawaya, kullum ƙara yi suke. Sannan bakin haƙoranta na gaba yana gutsurewa kaɗan-kaɗan, har ta lura sun gajarce. Na rawayar ya fi damunta, don shi ta fi nanatawa, kuma ko dariya za ta yi sai ta kai hannu baki.

Kafin ta zo wurinmu ta sha faɗi-tashi. Wani mai tallan magani ya ba ta asfirin ya ce ta danne a kan dasashi ta kwana da shi, wurin ya ƙone ya yi fari, tabon yana nan har ranar da na gan ta. Wata tsohuwa ta turara mata baki ta ce ta fitar da tsutsa. Daga baya ta ga wani bidiyo a waya inda ake koyar da haɗin farin haƙora: garin gawayi da gishiri da lemun tsami. Ta riƙe wannan haɗin hannu bibbiyu, tana gurzawa safe da dare kusan shekara biyu.

Abin da na gani a bakin

Da na ɗora madubi, abin da ya fara ba ni mamaki shi ne tsabta. Yawancin masu zuwa wurinmu sai haƙori ya ruɓe fuska ta kumbura suke zuwa, aikinmu kusan kullum cirewa ne. Bakin Hajiya kuwa babu datti, babu dutsen da ke taruwa a gindin haƙori, dasashi lafiya lau in ban da ƙunar asfirin. Haƙori ɗaya tak ke da ɗan kogo, shi ma bai kai ya hana barci ba.

Amma haƙoran sun siɗe. Lafiyayyen haƙorin gaba, in ka busar da shi ka haska fitila, za ka ga ƴan layuka a kwance a jikinsa. Nata babu ko ɗaya, sun yi sumul kamar dutsen da ya daɗe a gulbi. Bakin haƙoran gaba na sama ya yi siriri har haske na ratsa shi, ya yi launin toka-toka, ga gutsure nan da can. Tsakiyar kowane haƙori rawaya ce fes, farin ya koma gefe.

Da na juya madubi na dubi bayansu, wato ɓangaren da ke kallon ganɗa, sai na ga ɓarnar ta fi ta gaba. Fari ya ƙare gaba ɗaya a haƙora shida, sai ɗan zare da ya rage a bakin dasashi kamar zobe. Turamen ƙasa, musamman na farko a kowane gefe, tsininsu ya lotsa ya zama ƴan ramuka kamar an danna kan ashana a ɗanyen yumɓu. A wuyan fiƙa da haƙoran da ke bin ta kuwa akwai wata sara mai kaifi, kamar an sa gatari an ɗan sari itace. Sarar ta fi zurfi a hagu. Na tambaye ta da wane hannu take riƙe buroshi, ta ce dama. Haka abin yake, mai dama ya fi danna ƙarfi a gefen hagu.

Akwai wata ƴar shaida da na so ƙwarai. Hajiya tana ɗan taɓa goro, kuma jansa ya zauna a tsakanin haƙora da wasu lunguna. Amma wuraren da suka siɗe babu ko ɗigon ja a kansu. Wurin da ke narkewa kullum launi ba ya samun zama a kai. Wannan ya nuna mini abin bai tsaya ba, yana kan ci.

Na gwada kowane haƙori da sanyi, duk suna da rai. Na auna ɓarnar da ma'aunin BEWE, wanda masana suka fitar a 2008: ana raba baki gida shida, a ba kowane gida maki daga 0 zuwa 3 gwargwadon haƙorin da ya fi lalacewa a cikinsa, a tara. Ƙarshen maki 18 ne, kuma daga 14 zuwa sama ana lissafa shi cikin mai tsanani. Hajiya ta samu 15.

Abin da ke zaizayewa

Haƙori hawa uku ne. A waje akwai ɓawo mai fari da ƙyalli, wanda likitoci ke kira inamel. A ƙarƙashinsa akwai dantin, mai launin rawaya, shi ne gangar jikin haƙorin. A can tsakiya kuma jijiya da jini.

Ɓawon nan babu abin da ya kai shi tauri a jikin mutum, ya fi ƙashi. Kusan kashi 96 cikin ɗari nasa ma'adini ne na kalsiyam da fosfat. Sai dai kaurinsa, ko a kan tsinin turmi inda ya fi yawa, bai wuce milimita biyu da rabi ba, a wuyan haƙori kuwa kamar fatar albasa yake. Ƙwayoyin da suka gina shi suna gama aikinsu tun kafin haƙorin ya fito, da ya tsaga dasashi sun tafi ke nan. Fata in ta yanke takan haɗe, ƙashi in ya karye yakan ɗoru. Ɓawon haƙori in ya tafi jiki ba shi da magininsa.

Da nake yi wa Hajiya bayani, kwanon jere na kawo mata misali, irin mai farin fenti da ake yi wa amare. Muddin fentin na nan kwano na ƙyalli. Ranar da ya ɓantare, baƙin ƙarfen ciki ya bayyana, in kika ce datti ne kika sa toka da soson ƙarfe kina dirza, me zai faru? Ta yi shiru, sannan ta ce, "Sai baƙin ya ƙara faɗi."

Nan ne gaba ɗaya lamarin nata yake. Rawayar da take yaƙi da ita cikin haƙorin ce ta leƙo. Tana ganin rawaya tana ƙara dirza, tana dirza ɓawon na ƙara siriri, rawayar na ƙara fitowa.

Tsirawar da take ji ita ma daga nan take. Dantin cike yake da ƙananan kafofi da ido ba ya gani, masu ruwa a ciki, sun miƙe har wajen jijiya. In ɓawo ya yaye, sanyi ko zaƙi ko iska suka taɓa bakin kafofin, ruwan ciki ya motsa, jijiya ta amsa.

Abu uku ke cinye ɓawo ba tare da ruɓa ba: tsami ya narkar da shi, wani abu daga waje ya kankare shi, ko haƙora su riƙa gugar juna, kamar masu cizon haƙora cikin barci. Na ukun ban ga alamarsa sosai a bakinta ba, turamen ba su baje daidai da juna ba, kuma ba ta tashi da ciwon muƙamuƙi. Na farko da na biyu kuwa sun haɗa kai a kanta.

Kayen ɗiyarta

A zaman farko na tambaye ta ko tana yawan shan abu mai tsami. Ta ce a'a, ita ko leda ɗaya ta zoɓo ba ta shanyewa a yini, mai sayarwa ba ta shan jarinta. Na yarda, na rubuta. Kuskurena ke nan na farko, don tambayar ce ban iya yi ba. Sai da ta miƙe za ta fita take ba wata ma'aikaciyarmu labarin yadda sukari ya yi tsada har sai ta yi ta ɗanɗanawa kafin haɗi ya daidaita. Na ce ta dawo ta zauna.

Na roƙi babbar ɗiyarta, wadda ke kwaleji, ta ɗauki kaye ta rubuta duk abin da ya shiga bakin uwarta na kwana huɗu, da lokacinsa, ko da cokali ɗaya ne. Bayan mako guda suka kawo.

Da asuba, bayan salla, kofi ɗaya na ruwan ɗumi da lemun tsami biyu, wai don rage teɓa. Wannan ma a waya ta gani. Tana gamawa sai buroshi mai tauri da haɗin gawayi. Daga ƙarfe bakwai aiki ya fara. Zoɓo roba biyu, tsamiya roba ɗaya, lemu-hari roba ɗaya, da rana a sake wani zagayen. Kowace roba sai ta ɗanɗana kafin sukari, bayan sukari, bayan ƙarin ruwa, bayan kayan ƙamshi. Kuma ba kurɓa take ta haɗiye ba. Guntsa take yi, ta juya shi a baki, ta ja shi ta tsakanin haƙora, don a cewarta a nan ake jin ko tsamin ya zauna. Yarinyar ta ƙirga ɗanɗano 23 a rana ta farko, 19 a ta biyu, ranar Lahadi da kasuwar Tawa ke ci kuwa ta kai 31.

Akwai ma'aunin tsami da ake kira pH. Ruwa mai kyau yana kan 7, yawu ma yana nan kusa. Lamba na sauka tsami na ƙaruwa, kuma kowane mataki ɗaya ninki goma ne. Ɓawon haƙori yana fara narkewa a wajajen 5.5. Ruwan lemun tsami yana tsakanin 2 da 3, zoɓo da tsamiya suna wajajen 3 ko ƙasa da haka. Wato abin da take guntsa ya ninka abin da ɓawo ke iya jurewa sau ɗaruruwa, lemun tsamin ma ya haura dubu. Sukari kuwa harshe kawai yake ruɗa, ko kwano guda aka zuba tsamin na nan yadda yake. Ta kuma gaya mini in lemun tsami ya yi tsada takan sayi garin tsami na kasuwa ta ƙara. Wannan sinadarin sitirik ne, shi ne dai na cikin lemun, kuma bayan narkarwa yana kama kalsiyam ya tafi da shi.

Allah ya yi wa baki mai gadi, shi ne yawu. Yana wanke tsami, yana kashe kaifinsa, yana mayar da kalsiyam da fosfat kan wurin da ya yi laushi. Mutuwar haƙori ta mai cin ɗanyen mangwaro da ke wucewa kafin safe aikin yawu ne. Amma yawu na bukatar lokaci. Wanda ya shanye gorar zoɓo a zama ɗaya tare da abinci, farmaki ɗaya ya kai wa haƙoransa. Hajiya ba ta sha rabin gora ba a yini, amma sau ashirin da wani abu take kai farmaki, kowane ɗaya kafin na baya ya warke. A littattafan aikinmu an san irin wannan a wajen masu sana'ar ɗanɗana giyar inabi a Turai da ma'aikatan masana'antar batir da ke shaƙar tururin asid. Ban taɓa kawo wa raina zan gan shi a wajen mai zoɓon tasha ba, ko da yake in an yi tunani babu abin mamaki.

Sai gawayi ya zo ya ƙarasa. Ɓawon da tsami ya jiƙa kamar bangon laka ne bayan ruwan sama, ko da tsintsiya ka shafa sai ya zubo. Ita kuwa tana gama shan lemun tsami take hawa kansa da gawayi da gishiri, ga wani lemun a cikin haɗin, tana gogawa a kwance kamar mai zarto. Gawayin murhu kuma ba ya rasa yashi, yashi kuwa ya fi ɓawon haƙori tauri.

Duk da haka lissafin bai cika ba. Tsamin da ke shigowa daga waje ya fi cin fuskar haƙora ta gaba. Me ya cinye bayansu har ya fi gaban? Wannan wurin tsamin ciki ne ke bugunsa. Na tambaye ta ƙwannafi. Ta yi dariya ta ce wannan ai ba ciwo ba ne, tun cikin ɗanta na uku take tare da shi, in ya taso ta jiƙa kanwa ta sha. Cikin uku na ƙarshe duk ta sha amai har wata biyar. Da dare sai ta gama ƙulla ledoji, wajen sha ɗaya, take cin tuwo da miya mai yaji, ta kwanta nan take. Sau da yawa takan farka da ɗaci a maƙogwaro. Ruwan ciki ya fi lemun tsami kaifi, yana iya sauka ƙasa da 2, kuma cikin barci yawu kusan tsayawa yake, mai gadi ya tafi gida.

Abin da na kawar

Na yi tunanin yawan sinadarin fulorayid a ruwan sha, don a ƙasar nan ba baƙon abu ba ne. Ba a manta da Tibiri ta jihar Maradi ba, inda ruwan rijiyar burtsatse mai fulorayid fiye da kima ya ɓata haƙoran yara masu yawa, ya lanƙwasa ƙasusuwan wasu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar miligiram 1.5 a kowace lita. Amma wannan ɓarnar tun haƙori na cikin dasashi take samunsa, yana fitowa da fararen ɗigo ko ja-ja, ba ta jira sai mutum ya haura talatin. Hajiya ta nuna mini hoton aurenta a waya, haƙora farare tas. A Tawa aka haife ta, a nan ta girma.

Fura da nono ma ta tambaya, tunda nono na da tsami. Na ce ta ci gaba da sha. Nono cike yake da kalsiyam da fosfat, saboda haka duk da tsaminsa ba ya jan na jikin haƙori.

Abin da muka yi

Kuskurena na biyu shi ne na buɗe baki na ce ta bar zoɓo. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Likita, in bar shi in ci mi? Kai za ka biya kuɗɗin lakwal ɗin ɗiyana?"

Gaskiyarta. Shawarar da mutum ba zai iya bi ba surutu ce. Muka sake zama, muka raba abin gida-gida, wanda za a bari da wanda za a gyara.

Lemun tsamin asuba da haɗin gawayi, waɗannan babu ciniki, ranar aka bar su. Ruwan lemun tsami ba ya narkar da kitse, kuma ta yarda shekara biyu tana sha zanenta bai ƙara zagaye ta ba. Ta koma buroshi mai laushi da man goge haƙora mai fulorayid (ɗan kaɗan ɗinsa ƙarfi yake ƙara wa ɓawo, yawansa ne ke ɓarna), irin na manya da ake rubuta 1450 a jikin kwalinsa, wanda kuma aka ƙara wa sinadarin rage tsirawa. Sau biyu a rana, a hankali, ta tofar amma kada ta kurkure, don man ya kwana a kan haƙora. Na safe ta yi shi kafin ta taɓa roba. Asuwaki ban hana ta ba, na dai ce ta tauna kansa ya yi laushi sosai, ta bi da shi daga dasashi zuwa bakin haƙori, ban da zarto. In tsami ya taɓa baki, ko na zoɓo ko na ƙwannafi, ta kurkure da ruwa kawai, kada buroshi ko asuwaki ya biyo baya sai an yi kamar awa guda.

Ɗanɗano shi ne babban aiki. Na ce mata mai shekara tara a sana'a ai hannunta ya riga ya san awo, harshen tabbatarwa kawai yake. Ta ɗauki kwana uku tana auna komai da gwangwani da ludayi: zoɓo kaza, ruwa kaza, sukari kaza, ɗiyar tana rubutawa, suka manna takardar a jikin firiza. Daga nan ɗanɗano ɗaya ga kowace roba, a ƙarshe, da cokali a kai shi can bayan harshe a haɗiye, ban da guntsa, a bi da ruwa. Na ce in da hali ta ɗan tsotsi cuku bayan ta gama haɗi, tunda a Tawa ba a rasa shi wajen matan da ke kawowa daga arewa. Yana tsinka yawu, ga kalsiyam. Tsotsa na ce, don busasshen cuku zai iya ƙarasa bakin haƙoran nan da suka yi siriri.

Ƙwannafi ba aikina ba ne, na rubuta mata takarda zuwa wurin likitan ciki. Ya ɗora ta a kan omefirazol, maganin rage tsamin ciki, na wasu makonni, ya ce ta bar kanwa, ta ci abincin dare da wuri yadda za a samu kamar awa uku kafin kwanciya, a kuma ɗaga kan gadonta da bulo.

A kujerata kuwa na shafa mata fulorayid mai ƙarfi, irin wanda ke manne wa haƙori kamar fenti, na cike sarar wuyan haƙora biyar da farin abin ciko, na cike ɗan kogon nan. Na ɗauki awon bakinta na zuba samfurinsa da farar ƙasa na ajiye, na kuma ɗauki hotuna, don ido ba ya iya riƙe bambancin rabin milimita bayan wata shida. Bayan haƙoran gaba na tsakiya na rufe su da farin ciko don kare abin da ya rage. Gyaran da zai mayar musu da tsawo da kyan gani, wato a yi musu hula ko a sake gina su, ya fi ƙarfin kayan aikinmu. Sai Yamai, tafiyar sama da kilomita 500 ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, zuwa kuma ba ɗaya ba. Ta ce sai maigida ya dawo. Ban matsa ba, don ko da kuɗin a hannu ba a gini a kan haƙorin da ke kan narkewa, sai an tsayar da ɓarnar tukuna.

Bayan mako uku ta dawo babu mayafi a baki. Ta ce ta sha ruwan randa da asuba ba ta zabura ba.

Azumi

Ban sake ganinta ba sai bayan ƙaramar salla, kuma tsirawar ta dawo, ko da yake ba kamar da ba. Azumin ya faɗo cikin zafi, lokacin da mai zoɓo ke samun cinikin shekara. Roba huɗu ta koma goma. Zoɓon da ta saya a wannan karon ya fi na da tsami, awon jikin firiza ya ƙi aiki, dole harshe ya dawo. Kwanakin farko takan guntsa ta tofar da rana, a bakin da ya bushe ƙamas babu yawu, wanda ga haƙori ya fi haɗiyewa muni. Da wata maƙwabciya ta ce mata malamai na ƙyamar mai azumi ya riƙa ɗanɗane-ɗanɗane, sai ta bari. Na ce to wa ya riƙa ɗanɗana miki?

"Ƙaramar. Ita ba ta kai azumi ba."

Shekarar yarinyar goma. Na ce a kawo ta gobe.

Haƙoran dindindin na yaro sababbi ne, ɓawonsu bai gama ƙwari ba, sai sun yi shekaru suna shan ma'adinin yawu. Turamenta na farko, waɗanda ke fitowa a shekara shida, tsininsu ya fara dusashewa, ɗaya har da ɗan rami kamar kan allura. Haƙoran gaba sun fara sumul. Wannan ba aikin wata ɗaya ba ne. Da na bincika, ashe tun tana ƴar shekara bakwai ita ke kai kaya ƙofar lakwal, kuma ladanta ledar zoɓo mai ƙanƙara ce, wadda takan huda da haƙori ta yi ta tsotsa har a tashi. Ƙanƙarar leda ta fi gora ɓarna, don ana daɗewa ana tsotsa, kuma a kan haƙoran gaba ruwan ke sauka kai tsaye. Dantin bai bayyana ba tukuna, ba ta jin komai. Na shafa mata fulorayid, muka yi yarjejeniya da ita, ba da uwar ba: leda ɗaya a rana, a narke a juye a kofi, a sha tare da abinci. Sauran ladan a ba ta dala biyar ɗinta a hannu. Wannan sharaɗin na ƙarshe ita ta kawo shi.

Laifin wannan ma rabi nawa ne. Na duba bakin mutum ɗaya na manta gida guda ke cikin sana'ar. Daga baya na duba sauran yaran huɗu, biyu na da alamar farko.

Hajiya ta zo awo na wata shida da damina, ruwa ya jiƙa ta. Na ɗora samfurin farar ƙasa kusa da bakinta, na gwada da hotunan Janairu. Ramukan turame ba su faɗaɗa ba. Ciko ɗaya na wuyan fiƙa ya fita, na mayar. Makinta na nan 15, don wannan ma'auni ba ya komawa baya. Ƙwannafin ya ragu, amma ta amsa cewa in ciniki ya kai ta dare takan ci ta kwanta. Maigida ya zo ya koma, maganar Yamai an ɗage ta sai bayan an sayar da albasa.

Da na haska bayan fiƙarta ta sama, inda ban rufe da ciko ba, sai na ga wurin da ya kasance rawaya fes a watan Janairu ya fara ɗaukar jan goro. Na nuna mata a madubi na ce wannan jan kada ta kuskura ta kankare shi. Ta ɗaure fuska ta ce ita fa ba ta son sa. Na rubuta mata ranar dawowa, farkon hunturu, ita da yaran uku.